Fadar Ludlow da Kasuwarta: Sharhi a Kan Ziyarar Yini Guda

Mutanen Ingila suna da wata al'ada wadda ba su gajiya da ita, watau ziyarar yini guda. Idan ranar hutu ta zo, sai magidanci ya kwashi iyalinsa da sassafe su shiga jirgin ƙasa ko mota, su nufi wani tsohon gari mai kasuwa da fadar dutse, su yini suna kallo, kafin dare ya yi nisa sun komo gida. Garuruwan da a ke yi wa irin wannan ziyara suna da yawa, amma kaɗan ne suka kai Ludlow suna. Gari ne ƙarami a lardin Shropshire, dab da iyakar ƙasar Wales, wajen mil 28 kudu da birnin Shrewsbury, mutanensa kuwa ba su wuce kimanin 10,000 ba. Yana zaune bisa wani tudu inda kogin Corve ya ke zubawa cikin kogin Teme.

Yadda galibin baƙi su ke raba yininsu a can, shi ne abin dubawa. Da mutum ya sauka tasha sai ya hau tudu da sauri, ya ratsa tituna idonsa na gaba, ya ratsa kasuwa kamar wanda a ke bi bashi, ya sayi tikiti a ƙofar fada. Zai yi sa'a biyu ko uku cikin kangon, ya hau hasumiya, ya ɗauki hoto, ya fito ya sha shayi, sa'an nan ya duba agogo. A ganinsa fada ita ce magana, gari kuwa hanya ce kurum ta zuwa gare ta. Wannan rabo bai yi daidai ba. Fadar da ya ke gani yau kyanta yana rufe masa ido ga aikin da ta yi, kuma ginin da ya fi cancantar yabo a Ludlow shi ne wanda ya taka ya wuce bai ko sunkuya ba.

Amma a fara ba fadar hakkinta. Da ma kalmar fada ba ta ishe ta ba, domin da farko ribaɗi ce, watau sansanin tsaron iyaka. Bayan da William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi cikin 1066, sai ya zuba manyan mayaƙansa a kan iyakar Wales, ya sakar musu mara su riƙe ƙasa su kuma daɗa ta da takobi in sun iya. Ɗaya daga cikinsu, Walter de Lacy, shi a ke jingina wa fara wannan gini, wajen 1075. A zamanin nan galibin irin waɗannan sansanoni da ƙasa da itace a ke yin su, amma na Ludlow tun farko da dutse aka ɗora shi, yana cikin na fari da aka yi haka a Ingila.

Babu abin da ya kai zaɓen wurin gwaninta. Maginan sun sami wani goshin dutse wanda ya leƙa bisa kogin Teme, yamma da arewa duk gangare ne mai tsayi wanda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta hau. Saura kudu da gabas, nan suka sassaƙa gwalalo cikin dutsen kansa, duwatsun da suka fasa kuwa da su suka ta da ganuwa. Aiki ɗaya, riba biyu. Saboda haka launin ginin da launin tudun ɗaya ne, har mai kallo daga gadar Dinham ba ya iya cewa ga inda halitta ta ƙare, ga inda hannun ɗan Adam ya soma. Ƙarfin wurin kuwa an gwada shi. Cikin 1139 Sarki Stephen ya yi masa zobe, har a ke ba da labari cewa waɗanda ke ciki sun jefo ƙugiya ta kama Yarima Henry na Sikotlan, za su jawo shi daga kan doki, sai da Sarki da kansa ya ƙwato shi.

Da mutum ya shige ƙofar waje sai ya tarar da wani makeken fili mai ciyawa kore shar, an aske ta sumul, yara suna guje-guje. Nan ne ruɗin ido ya ke somawa. Fadar gaba ɗaya ta kusa eka 5, wannan fili kuwa shi ne ya cinye mafi yawanta, an ƙara shi cikin ƙarni na 12. Da can ba wurin shan iska ba ne. Akwai barga, da kurkuku, da ɗakin shari'a, ga masu ƙara suna jiran kira, ga dawaki da ƙudansu. Shirun da baƙo ya ke jin daɗinsa yau bai taɓa zama a wurin nan ba sa'ad da ginin ke da rai.

Babbar hasumiya, wadda kowa ke hawa domin hange, da can ita ce zauren shiga. Daga baya aka toshe ƙofarta aka fasa wata kusa da ita, har yau kuwa ana ganin tabon bakan gizon da aka cike. Gini ne mai kauri marar fara'a, bai yi alkawarin komi ba sai tsaro, ya kuwa cika. Ba a yaba masa da kyau, ba shi kuma ya nema ba.

Ginin da ya fi duka a cikin fadar ƙarami ne, yana tsaye shi kaɗai a tsakar gida, watau ɗakin ibada da aka sa wa sunan Maryamu Magadaliya. Kewayayye ne kamar rumbu, an gina shi cikin ƙarni na 12, an kwaikwayi siffar wata majami'a ta Baitul Muƙaddas wadda mayaƙan Turai suka gani a zamanin yaƙe-yaƙensu na can. Irinsa kaɗan ne suka rage a Ingila, akwai ɗaya a Landan, akwai ɗaya a Cambridge. Abin da ya sa ya fi sauran shi ne maginin ya san inda zai tsaya. Bangon waje ya bar shi fili, sai wani ɗan zare na sassaƙa da ya kewaye shi kamar ɗamara. Duk adonsa ya tara shi a bakin ƙofa, inda ya jera bakan gizo cikin bakan gizo, ya yi musu zanen haƙoran zarto, kamar yadda maɗinki ya kan bar jikin riga fari ya zuba aiki a wuya. A ciki kuma ya zagaye gindin bango da ƙananan bakuna a jere, kowane da ginshiƙansa. Rufin ya tafi, ɗakin liman da ke manne da shi ta gabas ya rushe saura tushe, amma ma'aunin ginin bai tafi ba. Tsawonsa da fāɗinsa sun dace da juna har mutum ya kan rage murya in ya shiga, ko da ya ke sama ce kaɗai a bisa kansa. Wanda ya ba wannan ɗaki minti biyar ya ba hasumiya rabin sa'a ya yi cinikin hasara.

A arewacin tsakar gida akwai jerin manyan soraye, waɗanda aka gina daga ƙarshen ƙarni na 13 zuwa farkon na 14. Nan ribaɗi ya zama fada. Babban zauren taro ƙafa 60 ne da 30, tagoginsa dogaye, ana hawa gare shi da matakala. Roger Mortimer, wanda ya sami Ludlow ta hanyar aure cikin 1301, shi ya ƙara ɗakunan kwana na alfarma da wata hasumiya mai ɗakuna kowanne da salgarsa, abin da baƙi ba su rasa yi wa dariya, alhali kuwa a zamanin nan ita ce shaidar wadata. Wannan Mortimer shi ne ya haɗa kai da Sarauniya Isabella suka tumɓuke mijinta, Sarki Edward na Biyu, ya riƙe Ingila shekara uku da 'yan kai, sa'an nan aka rataye shi cikin 1330. Sorayen suna da girma, suna da tsari, amma gini ne na mai son a gan shi, kuma da rufi ya tafi sai girman ya zama na rijiyar da ba ruwa. Murahu suna rataye a jikin bango, bene bisa bene, babu daɓen da za a taka a kai gare su.

Labarin da ya fi shiga ran baƙi shi ne na 'ya'yan sarki. Bayan fadar ta koma hannun sarautar Ingila cikin 1461, Sarki Edward na Huɗu ya aiko ɗansa mai jiran gado ya tashi a nan. Yaron yana Ludlow labarin mutuwar ubansa ya iske shi cikin 1483, yana da shekara 12, aka tafi da shi Landan domin naɗi, ya shiga Hasumiyar Landan shi da ƙanensa, ba a sake ganinsu ba. Bayansa ga Yarima Arthur, ɗan Sarki Henry na Bakwai, wanda ya zo da amaryarsa Catherine, 'yar sarkin Aragon, ya rasu a nan ran 2 ga Afrilu 1502 yana da shekara 15. Ƙanensa Henry na Takwas ya auri matar, kuma neman rabuwa da ita ne ya kai Ingila ga fita daga hannun Paparoma. Labaru ne masu taɓa zuciya, ba wanda zai hana a ba da su. Sai dai waɗannan yara baƙi ne su ma. Aikin da fadar ta daɗe tana yi wani ne dabam, shi ne kuwa ba ya shiga hoto.

Tun daga zamanin Edward na Huɗu har 1689, watau shekara 200 da ɗoriya in an cire tsaikon lokacin yaƙin basasa, Ludlow ce mazaunin Majalisar Wales da Kan Iyaka. Daga nan a ke mulkin ƙasar Wales da lardunan Ingila da ke maƙwabtaka da ita. Kotu ce, kuma ofishin gwamna ce. Mafi shahara cikin shugabanninta na farko shi ne Bishop Rowland Lee, wanda ya riƙe ta daga 1534 zuwa 1543. Limami ne, amma da igiya aka san shi. Wani marubuci na zamaninsa ya ce ya rataye mutum 5,000 cikin shekara 6, kuma ko da masana suna ganin an cika gishiri a lissafin, ba a ƙaga wa mai sauƙin hali irin wannan adadi. A cikin shekarunsa ne kuma Majalisar Dokokin Ingila ta yi dokar 1536 wadda ta haɗe Wales da Ingila, ta ce da Ingilishi za a yi shari'a, wanda kuma ba ya amfani da Ingilishi ba zai riƙe muƙami ba, alhali yawancin mutanen Wales a lokacin ba su jin wani harshe sai nasu. To, mai karatu ya auna halin makiyayin da ya taso daga duwatsun Wales, ya yi kwanaki yana tafiya a ƙasa, ya shigo ta ƙofar nan da a ke sayar da tikiti yau, ya tsaya gaban alƙalin da ba ya jin maganarsa, gonarsa ko wuyansa na rataye a bakin tafinta.

Gaskiya dai ba ta da gefe ɗaya. Majalisar nan ta yi suna wajen saurin yanke shari'a da arahar kuɗin ƙara, talakawa da yawa kuwa da ƙafarsu suka zo, domin a nan ne kaɗai za su iya ƙarar mai ƙarfin garinsu a saurare su. Yawan aikin ne ya sa Sir Henry Sidney, wanda ya shugabance ta daga 1560 zuwa 1586, ya gina masaukin alƙalai kusa da ƙofar ciki, ya kafa tambarinsa a bisa ƙofa da shekarar 1581. Masaukin nan, da manyan tagoginsa masu kallon fili, shi ne sashen da ya fi faɗin gaskiyar abin da gidan ya zama. Mai tsoron kibiya ba ya fasa taga haka. Takarda ce ta gaji takobi, kuma cikin biyun takarda ta fi daɗewa a wuyan Wales, domin sharaɗin harshen nan sai cikin ƙarni na 20 aka warware shi.

Abin da 'yan makaranta suka fi sani game da wannan zamani shi ne wasan Comus na John Milton, wanda aka fara nunawa a fadar ran 29 ga Satumba 1634, domin girmama Earl na Bridgewater, sabon shugaban Majalisar. 'Ya'yansa uku ne suka yi wasan, mace ɗaya da maza biyu. Wasa ne mai waƙa da rawa a kan budurwa da ta ɓace a daji ta tsare mutuncinta, kuma a sashensa na ƙarshe an shirya dandali ya nuna garin Ludlow da fadar kanta. Watau tun rufinta yana kanta ta soma kallon hotonta tana jin daɗi. Shekara 12 bayan haka, cikin 1646, mayaƙan Majalisar Dokoki suka kewaye ta, mutanen Sarki Charles suka miƙa wuya.

Ba igwa ce ta rushe fadar Ludlow ba. Da aka soke Majalisar cikin 1689 sai alƙalai suka watse, aka bar gidan ba mai shi. Aka kwashe kayan ɗaki, aka ɓamɓare darmar da ke bisa rufi, ruwa ya shiga azara, benaye suka rufta ɗaya bayan ɗaya. Cikin ƙarni na 18 kuwa sai ga wata sabuwar sha'awa ta shigo wa masu hali na Ingila, ta son kallon kango. Suka ga ashe bango mai tsaga da ciyayi a kansa ya fi sabon gini daɗin zanawa. Wajen 1772 gidan Powis suka karɓi hayar fadar, aka share hanyoyin yawo kewaye da ita, aka dasa itatuwa. Masu zane, har da Turner, suka zo suka zana ta. Cikin 1811 Edward Clive, Earl na Powis, ɗan Robert Clive wanda ya kafa wa Ingilishi mulki a Bengal ta ƙasar Indiya, ya saye ta ɗungum, tana kuwa hannun zuriyarsa. Jirgin ƙasa ya iso garin cikin 1852, ya kawo wa masu ƙaramin ƙarfi abin da da sai mai keken doki ke gani.

Wannan sha'awa ita ce uwar ziyarar yini guda, kuma a nan aibinta ya ke. Zaki in ya tsufa haƙora suka zube, kowa sai ya ce kyakkyawa ne. Kango ba ya tsare kowa, ba ya karɓar tara, saboda haka mai kallo ya kan tausaya masa, ya manta da waɗanda suka shiga ƙofarsa gabansu na faɗuwa. Duk da haka akwai yabon da ya wajaba ga masu riƙon wurin, domin sun tokare abin da zai faɗi, amma ba su sake gina abin da ya faɗi ba. A kwatanta da Castell Coch kusa da Cardiff, wadda wani attajiri ya tayar daga kufai tun daga 1875, ya yi mata hasumiyoyi masu tsini, ta fito kamar gidan aljanu na tatsuniya. A Ludlow duk dutsen da ido ya gani shaida ne, mai haƙuri yana iya karanta bango kamar takarda, ya ga inda aka toshe, inda aka fasa, inda wani ya raina aikin wanda ya riga shi.

Yanzu sai a juya baya ga ƙofar fada a dubi gabas. Mai karatu na ƙasar Hausa ba baƙo ba ne ga tagwaitakar fada da kasuwa, tun da tarihin Kano ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina gidan sarauta, shi kuma ya kafa kasuwar Kurmi. Haka iyayen gidan Ludlow suka yi cikin ƙarni na 12. Sun san ganuwa ba ta haihuwar kuɗi, sai suka auna gari a gindinta, suka kira 'yan kasuwa su zauna su biya haya. Bambancin shi ne a Kano duka biyun suna raye, a Ludlow kuwa ɗaya ya mutu ya bar ɗan'uwansa.

Tsarin garin shi ne babban aikin gwaninta na wurin, ko da ya ke ba a san sunan wanda ya ja igiyar awonsa ba. Ya shimfiɗa filin kasuwa mai fāɗi bisa doron tudu, daga ƙofar fada ya miƙe gabas. Daga jikinsa ya sauko da manyan tituna zuwa kogi, a jere kamar haƙoran mataji, da ƙananan lunguna a tsakaninsu. Ya yanka filaye sirara dogaye, kowane da ɗan goshi a bakin titi domin kanti, da doguwar bayan gida domin sana'a da lambu. Hikimar ita ce bakin titi shi ne dukiya, saboda haka aka raba shi ƙanana domin kowa ya samu. Yau fiye da shekara 800 ke nan, gidajen sun sāke sau da yawa, amma iyakokin filayen suna nan inda aka ja su. Fāɗin kantin da a ke sayar da burodi yau, wani ma'auni ne ya yanke shi tun kafin a haifi Mortimer.

Mafi daɗin karatu shi ne abin da 'yan kasuwa suka yi wa filin nan. Baƙo zai lura cewa tsakanin dandalin fada da tsakiyar gari akwai waɗansu 'yan lunguna matsattsu a jere, waɗansu ko mota ba ta shiga. Ba haka aka tsara ba. Da can duk fili ne. Masu rumfuna suka riƙa kafawa da safe suna kwashewa da yamma, sannu a hankali wani ya bar tasa ta kwana, wani ya yi wa tasa bango, wani ya ɗora bene ya tare da iyalinsa. Layukan rumfuna suka zama layukan gidaje, hanyoyin da masu saye ke bi tsakaninsu suka zama tituna. Duk wanda ya taɓa ganin yadda mai tebur ya ke cin bakin hanya taƙi bayan taƙi zai gane aikin nan da gani ɗaya. Mai son tsari zai ce ɓarna ce, amma ɓarnar ce ta ba tsakiyar garin ɗuminsa, domin mutum yana fita daga matsi sai fili ya buɗe masa, ya sake shiga matsi, ya ɓullo a kan titin Broad.

Titin nan na Broad an daɗe ana lissafa shi cikin mafiya kyau a Ingila, kuma bai ci sunan a banza ba. A kansa akwai Butter Cross, ginin dutse na wajen 1744, inda mata su kan sayar da man shanu a ƙasa, yara na karatu a bene. Daga nan titin ya gangara, gidajen katako masu baƙi da fari a sama, gidajen jan tubali na ƙarni na 18 a ƙasa, ba wanda ya yi wa maƙwabcinsa tsawa, har ya kai ga Broad Gate, ƙofa ɗaya tak da ta rage cikin ƙofofi 7 na ganuwar gari. Ta cikin bakanta a ke hangen hanyar gadar Ludford, inda rundunar gidan York ta watse cikin dare a 1459, mayaƙan sarki suka shigo suka washe garin. Rigimar masu fada ce, amma 'yan kasuwa ne suka biya.

Su wa suka gina majami'ar St Laurence? Ba sarki ba ne. Masu cinikin ulu da masaƙa ne, da wata ƙungiya tasu ta taimakon juna mai suna Palmers, suka sabunta ta cikin ƙarni na 15, suka ta da hasumiya mai ƙafa 135 wadda a ke hangowa tun kafin a hango fada. Cikinta, a ƙarƙashin kujerun limamai, akwai sassaƙe-sassaƙen katako waɗanda sai an ɗaga mazauni a ke ganinsu. Ɗaya yana nuna wata mai sayar da giya wadda ta saba tauye mudu. Shaiɗan ya saɓa ta a kafaɗa zai kai ta wuta, tana riƙe da mudun nata, wani shaiɗan yana yi mata busa, wani kuma yana karanta takardar laifuffukanta. Aikin bai fi tafin hannu biyu ba, amma akwai rai a cikinsa fiye da dukan sorayen Mortimer, domin masassaƙin ya san matar, watakila ma ta taɓa cutarsa. Nan a ke jin muryar garin, abin da ke ba shi haushi da abin da ke ba shi dariya.

Har ribar fadar ma a cikin gari ta zauna. Gidan da aka fi ɗauka hoto a Ludlow shi ne masaukin Feathers, mai fuskar katako da aka cika da sassaƙa har ba wurin sa yatsa, da alamar gashin jimina ta Yariman Wales. Wani lauya mai suna Rees Jones, mutumin Wales, ya gina shi cikin 1619 da abin da ya samu a gaban Majalisar. Adon ya yi yawa, gini ne na wanda kuɗi suka zo masa da sauri, amma shaida ce wadda kango ba ya iya bayarwa, ta inda kuɗin masu ƙara suka shiga. Da Majalisar ta tafi garin bai bi ta ba. Ya koma ɗinkin safar hannu, ya zama wurin da masu gonaki na kewaye su ke zuwa shaƙatawa, kasuwa kuwa ba ta fasa ci ba. Manyan masana'antu na ƙarni na 19 suka bi ta wani wuri suka bar shi, rashin nan kuwa shi ya tsare masa tsofaffin gidajensa, waɗanda kusan 500 daga cikinsu hukuma ta sa cikin jerin gine-ginen da ba a taɓawa sai da izini.

Ba a ce garin ba shi da abin zargi ba. Cikin 1986 aka rushe babban ɗakin kasuwa na 1887 da ke dandalin fada, aka ce ya zama haɗari. Masana gini da ma ba su ƙaunarsa, kuma lalle dandalin ya fi sarari yanzu, amma masu rumfa sun koma ƙarƙashin tamfol a ƙasar da ruwa ba ya sallama. Tun daga 1995 kuma a ke yin bikin abinci kowace shekara, har cikin filin fadar, wanda ya jawo wa garin suna da baƙi masu kuɗi. Alheri ne, amma yana da ƙaya. Idan kantin da ke sayar da ƙusa da igiya ya zama na sayar da tsaraba, idan kuma ɗan gari ya kasa sayen gida a titin da aka haife shi, to garin ya kama hanyar da fadar ta bi cikin 1772, ta zama abin kallo, sai dai shi da mutane a ciki. Abin da ke tsare shi har yanzu shi ne ranakun kasuwa, Litinin da Laraba da Jumma'a da Asabar, sa'ad da matar gida ta ke zuwa sayen kabeji ba domin hoto ba.

Saboda haka wanda ke da yini ɗaya tak, gara ya zaɓi ranar kasuwa, ya ba gari safiyarsa, ya shiga majami'a ya ɗaga kujerun nan in an yarje masa, sa'an nan ya shiga fada da azahar, ya riga ya san wanda ya ciyar da ita. Da la'asar ya haye gadar Dinham ya hau tudun Whitcliffe, inda a ke ganin fada da hasumiyar majami'a da rufin gidaje a layi ɗaya, kowane da gwargwadonsa.

In da sauran lokaci kafin jirgi, akwai wani wuri a bayan maƙabartar majami'a, ta arewa, wanda ba ya cikin hanyar masu ziyara. Ganuwar gari ce, wadda aka soma tun 1233 da kuɗin da a ke karɓa a kan kayan da fatake su ke shigowa da su kasuwa. Cikin Fabrairu 2013 wani sashe nata ya zube. Aka kewaye wurin da shinge, aka tokare ƙasar maƙabarta don kada ta biyo, sa'an nan aka shiga jayayya a kan wanda gyaran ya rataya a wuyansa, har aka haura shekara 10 ba a mai da duwatsun wurinsu ba. Daga ƙofar fada zuwa wurin tafiyar minti biyar ce.